Yayana yana wasa da ɗingishin Babanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana don girman Allah. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma ranar Alhamis ce za a yi ta ta ƙare.

Ni mace ce, a Gadarif nake, ni ke kula da Babanmu tun rasuwar Inna. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a gonakin yankin Simsim, yankan riɗi da girbin dawa. Can ne faifan garmar tarakta ya danne masa ƙafar hagu, shi ya sa yake ɗingishi, yana jan ƙafar yana karkata kafaɗa. Kuma yana da wata al'ada, in zai duba riɗi sai ya tsinki kwanso ɗaya ya kai kunne ya girgiza, ya rufe ido yana saurare. Tun muna yara muke ganinsa haka.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Da guminsa Baba ya tura shi Khartoum karatu, sai ya ɓuge da wasan kwaikwayo. Yanzu wai shi mumassil ne, wato ɗan wasa, in ba ka ce masa Ustaz ba ba ya juyowa. Ustaz ɗin me, oho. Mutumin da ya yi shekaru yana ce wa abokansa shi ba ya jin Hausa, ya shafa mai ya tara suma, ya rataya gyale a wuya cikin zafin nan namu kamar mai mura. Da yaƙi ya koro su sai ga shi da akwati ɗaya da madubi, ya tuna yana da uba. Yana gidanmu, yana cin tuwon da nake tuƙawa, yana ce mini kofina ya yi ruwa.

To duk wannan zan iya haɗiyewa. Mushkilar ita ce abin da ya yi suna da shi. Yana fitowa a matsayin wani tsohon ɗan ƙwadago wawa, kuma wallahi tsohon nan Baba ne. Ɗingishin, karkata kafaɗar, tarin da yake yi kafin ya yi magana, duka ya kwashe. Sai ya ɗauki kwanson riɗi ya kara a kunne ya riƙa cewa alo alo, wai tsoho ya ɗauka waya ce, jama'a su yi ta faɗuwa don dariya. A wayar maƙwabciyata na fara gani, tana dariya har da hawaye, sai ta dubi fuskata ta kashe wayar. Duk unguwa an gane, ba wanda ya faɗa wa Baba. Shi bai kallon talabijin, rediyonsa kawai, abin da ya sani ɗansa ya zama babban mutum.

Na tare Yaya a bayan ɗaki na yi masa magana. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce ni ban san fasaha ba, wai girmama talaka yake yi, wai yana ɗaga muryar waɗanda ba a ji. Na ce muryar wa ka ɗaga da alo alo? Ya ce halas, zance ya ƙare, mai wanke-wanke ba za ta koya masa aikinsa ba. Na ce ƙafar da kake wa dariya a neman abin karatunka ta lalace. Ya gyara gyalensa ya fita, ko kunya babu a idonsa. Wallahi tun ranar in na gan shi yana gyaran gashin baki a madubi sai in ji ƙyama.

Yanzu shi da 'yan uwansa 'yan gudun hijira masu baƙin gilashi sun haɗa wasa za su yi ranar Alhamis a dandali a nan cikin gari. Labari ya iso kunnen Baba a majalisa. Tun daga nan bakinsa bai rufu ba. Ya sa na wanke masa farar jallabiyarsa ta Idi, ya aika wa abokansa biyu na garin Hawata su zo su ga ɗansa. Kuma Yaya, da yake ba ya da ta ido, ya je ya durƙusa ya ce Baba ya ara masa tsohuwar hularsa da laujensa na yankan riɗi, wai don wasan ya yi kama da gaske. Baba ya zauna ya wasa laujen da hannunsa, ya miƙa masa yana sa albarka. Na sake tambayar Yaya ko zai cire wurin ɗingishin tunda Baba zai zo, ya ce ai shi mutane ke zuwa gani, in ina jin tsoro in ce wa Baba ba wurin zama.

Ga inda nake. In na faɗa wa Baba gaskiya, ni ce na fasa masa zuciya da bakina, kuma yana da hawan jini. In na yi masa ƙarya na hana shi zuwa, abokansa za su je su gani, su dawo su zauna da shi suna sunkuyar da kai. In na kai shi a raksha, keken nan mai ƙafa uku, zai shiga da ƙafar nan tasa a gaban jama'ar da ta zo dariyar ƙafar.

Jiya da la'asar ya kira ni ya ce, "'Yar nan, ki nemo mai raksha da wuri. Ina so in zauna a gaba, idona ba ya hango nesa, kada wani abu ya wuce ni."

Na ce to, Baba. 'Yan uwa, in ubanku ne, za ku nemo rakshar?