Babana Magini Ne, Ba Ya Son Ganina a Wurin Gini

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni lauya ce a wani kamfani mai gina rukunin gidaje. Aikina duba takardun fili kafin a saya, da rubuta yarjejeniya da 'yan kwangila. Wani lokaci nakan sa hular kwano in bi injiniya mu ga ko abin da aka rubuta shi aka gina. Wallahi ina son aikin. Kwanan baya na hana mu sayen wani fili da aka riga aka sayar wa mutum biyu, ranar kamar in taka rawa a ofis.

Damuwata Babana. Magini ne, da cokalin gini ya biya mini kuɗin karatu, har bayansa ya ranƙwafa. Ranar da ya ga takalmina duk siminti a bakin ƙofa, ya ce shi ya sha rana don ya raba ni da wurin gini, ga shi na koma da ƙafata. In abokansa suka tambayi kotun da nake zuwa, sai ya canja magana. Bai taɓa yi mini faɗa ba, shirun ne ke cina. Yanzu kawuna ya samo mini gurbi a ofishin wani babban lauya mai shiga kotu, Baba har ya fara gaya wa mutane. In karɓa?

'Yar Magini

'Yata, mahaifinki ba aikinki ya raina ba. Shi wahala ya sani a wurin gini, yana tsoron ta same ki. Kada ki ga laifinsa.

Amma aikin da kika karɓa don kunya, ke za ki tashi ki tafi shi kullum, ba shi ba. Ki je ki ga ofishin saboda mutuncin kawunki, ki tambayi aikin da za a ba ki. In ya kwanta miki, ki karɓa. In bai kwanta ba, ki yi godiya, ki gaya wa Baba da bakinki kafin maganar ta ƙara yaɗuwa.

Sannan, kin taɓa zama kin bayyana masa abin da kike yi? Ina zargin ba ki taɓa ba. Ki tambaye shi rigingimun da ya gani tsakanin masu gida da magina, ki nuna masa yadda kike hana irinsu tun kafin a haƙa tushe. Wataƙila ba zai sauko nan take ba, ki yi haƙuri da shi.

Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri, ya ƙara wa Baba lafiya.