An Ƙona Ganyen Kirfarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinki na Gumel.

Bayan sallama da gaisuwar ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Ni ce Hansatu, daga ɗakin aurena a Ɗanzomo. Na san ko kina raye ba kya karanta ajami, amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

An ƙona ganyen kirfarki, Inna.

Wanda kika saya a hannun fataken gabas da suka sauke raƙuma a Maigatari, kika ƙulle a baƙin tsumma. Kowa ɓawon kirfa ya sani. Ke kuwa ganyen kike murzawa cikin kajiji da farce idan kina haɗa turaren wuta. Ba shi da zaƙin ɓawon. Yaji-yaji yake kamar kanumfari, sai dai ya fi shi sanyi a hanci. Da shi nake gane kin shigo ɗaki ko idona a rufe.

Duk sanda na tambaye ki yawan da ake sakawa, sai ki ce, "Bari ki yi hankali tukuna, sarkin mafarki." Kika tafi ba ki faɗa ba. Wannan ma ina jin haushinki a kai, Allah ya yafe mini.

Cikina ya tsufa. Na adana ragowar ganyen ne don in turara zanen goyo, jikanki ya san ƙamshinki tun da ba zai san fuskarki ba.

Makon jiya surukata ta ga ƙullin a ƙwaryar kayana. Ba ta tambaye ni ba. Ta tara matan gida a tsakar gida, ta ce ganyen mallaka ne, wai shi ya sa ɗanta ya daina fita hira, yake zama ina karanta masa ƙissoshi. Ta juye shi a murhu. Ina tsaye, bakina a ɗaure da kunyar suruka. Ke kika koya mini kunyar nan, Inna. Da awon ganyen kika koya mini, da ya fi mini amfani.

Malam mijina da ya ji, cewa ya yi ai ganye ne kawai. Ran kasuwa ya hau jaki har Maigatari, ya dawo yana murmushi da ɓawon kirfa cike da aljihu. Bai ma san bambancin ba. Na karɓa na gode, na shiga ɗaki na yi kuka.

Amma ki ji abin da na yi ranar da aka ƙona shi. Da hayaƙin ya tashi, gidan nan kaf ya zama ɗakinki. Har masu zagina suka tsaya suna shaƙa. Ban san lokacin da na fizgo zanen goyon na baza shi a kan murhun ba, a gaban surukar tawa. Na riƙe shi har yatsuna suka ƙone suka tashi, har hayaƙin ya ƙare.

Yana nan a naɗe cikin ƙwarya, na rufe da faifai. Ba na buɗewa, kar ki fita kafin jikanki ya iso.

Allah ya haskaka kabarinki, Innata, ya cika shi da ƙamshin da ya fi naki. Ya sauke ni lafiya, ya sanyaya mini wannan zuciya, don har yanzu ban huce ba.

Taki, mai yatsu a ɗaure,
Hansatu