Takwaran Baba

Birnin Konni

Zuwa ga ƙanena Nafi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Samira da jariri. Yaya Dogarawa, yaya gona? Na ba direban taksi wannan takarda ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Baba dai jiki sai a hankali. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango ya huta. Na kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, lokotoro ya ce ba tarin tibi ba ne. Ya tambaye shi aikin da ya yi da ƙuruciya, Baba ya kwashe labarin nan da muka haddace tun muna yara ya ba shi: sojan ruwa can kudu, ɗakin inji a ƙasan jirgi, zafi kamar gidan burodi. Ashe farar audugar da ake naɗe bututun injin da ita, wadda suke yagewa da hannu in za su yi gyara, ita ce ta zauna masa a huhu. Amiyant ake ce mata. Wai sukan fito fari fat suna yi wa juna dariya, kuma ba wanda ya taɓa miƙa musu ko ƙyallen rufe hanci.

Ciwon ba ya warkewa, amma ba a ɗaukarsa. Ka karanta wa Samira wannan da kyau. Ka sa wa ɗanka sunan Baba, an ci rago, an watse, ga yaro har ya fara zama, mai sunan bai taɓa sa shi a ido ba. Ka kawo masa takwaransa.

Inna tana gaishe ku.

Yayarka,
Bushira

Nafi'u,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin direba, wai sai an gama yankan gero. Sannu da aiki, sarkin noma. Ban san Dogarawa da ke nan kusa ta koma bayan Agadas ba.

Na san abin da kuke tsoro, don a nan ma haka ake. Garin da ba wanda ya taɓa ganin teku, wa zai yarda jirgin ruwa ne ya cinye mutum? Wasu sun ce tibi muke ɓoyewa, wasu sun ce aljanun ruwa ne suka biyo shi. Abokan hirarsa daga bakin titi suke ɗago masa hannu. Su ban damu da su ba, ba shi ya haife su ba.

Bari in faɗa maka abin da ubanka yake yi. Duk ranar kasuwa sai ya sa a yi masa aski, ya sa farar rigarsa, a zaunar da shi a zaure wajen da yake hango masu saukowa daga tasha. Kuma ya tsiri koyon danne tari. Sai ya rungume matashi a ƙirji, ya dafe baki, idanunsa su yi jajur suna zubar da ruwa, wai yana gwada ko zai iya riƙe yaron ba tare da ya yi masa tari a fuska ba. In ya saki, tarin da ke biyo baya sai ya kusa ɗauke shi. Na hana shi, ya ƙi ji.

Jiya ya ce in rubuta maka ya sauƙaƙa muku. Ba sai ya taɓa yaron ba, ku tsaya a ƙofar zaure ku ɗaga masa shi. Na rubuta don ya sa ni, amma wallahi raina a ɓace yake, kuma kunya ta kama ni a madadinka.

Ka gaida mutanen gida.

Bushira

Nafi'u,

Ina yi maka gaisuwar rashi, Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ina fatan ka koma gida lafiya. Ran jana'iza ban yi maka magana ba saboda idon mutane, kai ma ka yi ta kauce mini.

Ka tambayi Inna ko ya bar wasiyya. Bai bar komai ba, numfashin bai ishe shi magana ba. Ranar kasuwa ya cika, da askinsa sabo.

An ce za ku zo addu'ar bakwai da Samira da yaron, har kana tambaya ko an fitar da shimfiɗarsa. An fitar, an share ɗakin, an wanke kwanonsa. Ku zo hankali kwance, ba mai tari a gidan yanzu.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Bushira