'Yata Ta Goge Iska Saboda Ni

Anti Busiku, don Allah ki agaza min, 'yata ta daina tambayata komai.

Shekara ashirin da shida ina ƙona gawayi a bayan garin Monze. In akwai abin da na sani, wuta ce: ka zuba itace amalanke guda, abin da za ka kwasa ko rabi bai kai ba. To Chipego, 'yata da ke sakandare, kullum in mun gama cin nshima, tuwon masararmu, takan karanta min aikin makaranta, ina gyaɗa kai kamar na gane. Ran nan ta ce wai akwai wani ƙarfe, magnesiyam, in an ƙona shi tokarsa ta fi shi nauyi. Na yi dariya har na ƙware. Ta nuna min 2Mg + O₂ → 2MgO, wai O₂ ɗin iska ce ta shiga ciki. Na ce ta goge shirmen nan, wa ya taɓa ɗora iska a sikeli? Uwarta ta ce in ƙyale yarinya da littafinta, na ce ita ma ta ji da tukunyarta.

Yarinya ta goge. A aji aka hana ta maki, ta miƙe ta ce babanta ne ya faɗa cewa toka ba ta fin abin da aka ƙona nauyi, kuma babu wanda ya kai shi sanin wuta. Malaminsu bai yi musu ba. Ya auna ƙarfen, ya ƙona a ɗan kasko mai murfi, ya sake aunawa a gaban kowa. Nauyi ya ƙaru. Yanzu Farfesa Gawayi 'yan ajin suke kiranta. Sati uku ke nan a maƙwabta take aikinta, abin yana ci min rai. Ko da yake har yau ban yarda da sikelin nan ba.

Mai Gawayi, Monze

Baban Chipego, sikeli lafiyarsa ƙalau. Kai ma a kan itace ba ka yi ƙarya ba, yawancin nauyinsa hayaƙi yake bi. Magnesiyam kuwa iskar oksijin yake kamawa ya riƙe gam: giram 48 ya haɗu da giram 32 na iskar, a kwashi toka giram 80. Shi ya sa ba a goge O₂. Mg biyu da O biyu a hagu, dole a same su a dama.

Ka bar malam ya sarara. Ka taka zuwa maƙwabtan da ƙafarka, ka ce mata ka yi kuskure, da bakinka, ba saƙo ta bakin uwarta ba. Sannan ka roƙe ta ta koya maka yadda ƙarfen ke kumfa a cikin asid, Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂. Kai ka riƙe fensir, ita ta riƙe jan biro.

Ba makin da ta rasa ne ya fi yi mata ciwo ba. Alfahari ta yi da kai a gaban mutane, aka yi mata dariya. Allah ya huci zuciyarta, kai kuma ya ba ka haƙurin zama ɗalibi.