Motarka Ta Tashi, Baban Ummi

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata mace ta yi wa mijinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba a kai wa mutanen kabari takarda, kuma na san da kana nan da ka ce Malama ta fara rubuce-rubucen nata. To, na fara. Yau Juma'a, kusan sati biyu da fitata takaba, kuma akwai labarin da ya ƙi zama a cikina. Motarka ta tashi.

Bari in faro maka daga inda ka bar mu.

Ka tuna ranar da ka ajiye ta, bayan ruwan shuka na biyu. Haka kake yi duk shekara, tunda da zarar damina ta kankama fadamar da ke tsakaninmu da titi ba ta ƙetaruwa, kai kuma sai ka koma gona har kaka. Ka buɗe ƙofar langa-langar nan da ka fasa a katangar baya, ka shigo da akori-kurarka da baya da baya, ina tsaye ina yi maka ihu kada ka fasa mini randata. Ka ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su gaji, ka toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓeraye, ka lulluɓe ta da tamfol kamar mai zazzaɓi. Na ce maka wai me ya hana ka shigo da ita kai tsaye kamar kowa, sai ka wahalar da kanka ka wahalar da randar mutane. Ka ce, “Mota ba ta kwana da fuskarta a bango.” Na yi tsaki na koma kan tuwona.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana uku ka yi, Allah ya karɓi abinsa.

Ka san dokarka ta Juma'a. Duk damina, da hantsi, kafin ka yi wankan masallaci, sai ka yaye tamfol, ka zare tsumman salansa, ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka mayar da kan batir, ka tayar da ita. Ba ka kashe ta sai allurar zafi ta ɗaga zuwa tsakiya. Kullum kana cewa wanda ya tayar da mota ya kashe nan take ya fi wanda bai taɓa ta ba cutar da ita. Na ji wannan karatu har na haddace, ba don ina so ba.

Juma'a ta uku bayan rasuwarka na ɗauko makulli daga aljihun rigarka da ke rataye. Motar a cikin gida take, takaba ba ta hana ni zuwa wurinta ba. Na yi komai yadda kake yi. Bugu ɗaya ta amsa. Na zauna a kujerarka ina jin warin man nan da nake yi maka ƙorafinsa, hawaye na zuba, amma zuciyata ta yi sanyin da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da kai.

Ban yi tunanin Inna ba. Wallahi ban yi ba.

Sai ganin mahaifiyarka na yi ta fito daga ɗakinta ba sanda, ba ɗankwali, tana lalube, fuskarta cike da murna. Ka san idanunta sun yi rauni, amma kunnenta ya san kukan motar nan tun daga bakin fadama. Ta zo har jikin ƙofar direba ta kai hannu, ta taɓa hijabina. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zame ta zauna a ƙasa. Na kashe injin, na fito na riƙe ta. Abin da ta ce da ni ke nan: “Don Allah, 'yar nan, kada in ƙara jin kukan motar nan a gidan nan.”

Na ce to. Me zan ce? Na cire kan batir, na mayar da tsumma, na ja tamfol. Wata uku da 'yan kwanaki motarka ba ta yi ko tari ba. Abin da ba ya ƙara shi kaɗai na ci gaba da yi: in leƙa ƙarƙashin bonet ko ɓera ya yi sheƙa, in kori kajin da suka mayar da bayanta wurin kwana, in gyara tamfol in iska ta yaye shi.

Da cikin 'yarmu Ummi ya shiga wata bakwai, mijinta ya kawo ta gida goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ta zo da ƙafafu a kumbure da katin awo. Na karanta katin, na sake karantawa. Jininta yana hawa, kuma ma'aikaciyar awo ta ja mata kunne cewa kada ta kuskura ta haihu a gida, da ta ji alama a kai ta asibiti a Minjibir.

Tun daga ranar barcina ya ragu. Ka fi kowa sanin ƙauyen nan: babura ne kawai, mota mai shigowa sai ranar kasuwa. Mata nawa ka ɗauka a motar nan suna naƙuda, kana tafe kana yi musu sannu ta madubi? Yau ga taka 'yar, ga motar a tsakar gida, ni kuma na yi wa tsohuwa alkawari. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Inna da niyyar roƙonta. Sai in same ta da carbinka a hannu, in gaishe ta in juyo. Raina ya yi ta ɓaci da kai ma, in gaya maka gaskiya. Ka tafi ka bar ni tsakanin uwarka da 'yarka.

Da ruwa ya ɗauke, na sa ƙaninka Sale ya sauke ta daga kan duwatsu, ya yi wa tayoyi iska da famfon hannu, ya ƙara mata fetur, duk a shiru kamar masu sata. Muka yi shawara cewa in na fita takaba zan sami Inna in yi mata bayani, shi kuma ya kai batir caji ranar kasuwa. A lissafinmu Ummi tana da sauran sati biyu.

Ranar Asabar na fita takaba. Ranar Litinin da hantsi Ummi ta kira ni daga ɗaki da wata irin murya, ta ce kanta zai tsage, kuma tana ganin duhu-duhu. Maza duk suna gonar nesa wurin yankan dawa. Na kira wayar Sale har sau biyar, ba ta shiga. Babur ɗaya babu a ƙofar gida, kuma ko da akwai, ba a ɗora mace a wannan hali a kan babur.

Na ɗauko makulli. Ka tuna shekarar da ka koya mini tuƙi a filin makarantarmu lokacin hutu, gari yana yi mana dariya, har na goga wa dalbejiyar hedimasta? Rabona da sitiyari ya kai shekara shida. Na yaye tamfol, na zare tsumma, na ɗaura kan batir, na yi bismillah na murɗa. Ƙyas. Na sake. Ƙyas. Batir ya mutu murus. Na kifa kaina a kan sitiyari, na ce shi ke nan, biyayyata ta kashe mini 'ya.

Muryar Inna na ji a bayana. Ashe ta fito, ta ji komai. Ba ta tambaye ni wa ya ba ni izini ba. Cewa ta yi, “Me ake jira? A buɗe ƙofa a tura ta mana! Ba haka yake yi ba?” Ta ɗaga murya ta ƙwala wa Talatu maƙwabciyarmu kira ta kan katanga. Kafin in share ido sai ga Talatu da surukanta biyu, hannuwansu duk dusar surfe.

A nan ne na ga abin da ka yi mana, Baban Ummi. Fuskar motar tana kallon ƙofa, ƙofar kuma tana kallon gangaren da ya sauka zuwa tsamiya. Da ka bi tawa ka shigo da ita kai tsaye, da mu mata biyar ba mu isa mu juya ta a wannan ƙunci ba. Na sa giya ta biyu, na danne kuloci kamar yadda na sha ganin kana yi. Suka tura. Har Inna ta ɗora tafinta a jikin bodi, tana salati. Taya ta hau dokin ƙofa, mota ta kama gangara, na saki kuloci. Ta yi tari, ta girgiza ni, ta yi shiru har na sare, sannan ta fashe da kuka, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe bayanta.

Na tsayar da ita a gindin tsamiya, ƙafata a kan totur, ina tsoron ta mutu. Zuciyata tana cewa in fizge ta. Sai na tuna kana cewa mota tsohuwa ce, a bar ta ta miƙe ƙafa kafin a ɗora mata kaya. Dole ma na jira, domin a hankali su Talatu suka riƙo Ummi, taku ɗaya a huta. Kafin su zaunar da ita allura ta fara ɗagawa, kukan injin ya daidaita.

Na ƙetare fadama a giya ta ɗaya, ta gefen da kake bi. A kan titi ban wuce giya ta uku ba, 'yan babur suna wuce ni suna waiwaye. Ban damu ba. Mun isa. Aka shiga da ita, aka yi mata aiki kafin azahar. Namiji ne. Da ma'aikaciya ta fito ta ce uwa da ɗa suna lafiya, sai na zauna a kan simintin baranda ina dariya ina kuka, Talatu tana yi mini fifita da katin awo.

Ranar Litinin da ta wuce aka yi suna. Sunanka ya ci. Ka ga an sake jefa ni a wahala: ban iya faɗin sunan nan ba kana raye, yanzu ma ba zan iya ba. Ango nake ce masa. Yana da goshinka, da taurin kanka in yana neman nono.

Sale ne ya dawo da motar cikin gida, don har yanzu ban iya baya da baya ba. Na tsaya a kansa sai da ya juya fuskarta ga ƙofa. Randa kuma na matsar da ita da kaina.

Yau da hantsi ina shara, Inna tana kan tabarma da jaririn a cinya, sai ta ce, “Yau ba Juma'a ba ce? Ban ji ta ba.” Na ajiye tsintsiya na ɗauko makulli. Da injin ya tashi na leƙo ta taga. Tana kuka, amma ba ta ce in kashe ba. Ta sunkuya ta ce wa yaron, “Ka ji motar kakanka.” Na bar ta har allura ta kai tsakiya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Duk macen da ka taɓa kaiwa asibiti a motar nan, Allah ya sa ladan a mizaninka, har da na ranar Litinin ɗin da na kai Ummi, domin kai ka ajiye ta yadda za ta fita. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya Ango, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Makullin yana aljihun rigarka, inda ka bar shi.

Taka har kullum,
Malama, Maman Ummi