Kayan Auren Mama

Ƙanena Vendel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan masana'antar nan ta birnin Linz ba ta gama cinye ka ba. Jikin Mama ya yi tsanani. Likita ya daina rubuta magani, sai dai ya dafa mini kafaɗa ya fita.

Jiya ta ce, "Bozena, hau fada ki karɓo mini kayan aurena, tufafin da na sa ranar biki." Ka tuna, da ƙafarta ta kai su lokacin da aka mayar da tsohuwar fada gidan tarihi, tana ta fahariya an rubuta sunanta a jikin gilashi. Yanzu ta ce a cikinsu za a binne ta, kamar yadda aka yi wa Kaka. In ba haka ba, yaya Baba zai gane ta a can?

Na sami Kubala, shugabanmu a gidan tarihin. Ya ce abin da ya shiga gilashi ya zama na ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ce ta yi ɗinkin?" Ya ce in rubuta wa hukuma, amsa takan zo cikin bazara. Mama ba za ta ga bazara ba.

Yayarka,
Bozena

Yaya Bozena,

Ina gaisuwa. Haba Yaya! Ke ce mai share ɗakin da kayan suke kullum, amma kina neman izinin wani mai tumbi? Ki naɗe su cikin tsumman goge-goge ki sauko. Wa zai lura? Baƙin da ke hawa tudun fadar, takubba suke zuwa gani da kurkuku. A masana'anta sun hana ni hutu, da na zo na fasa gilashin da kaina. Ki ce wa Mama ta jira ni.

Naki,
Vendel

Vendel,

Na gaishe ka. Jarumta daga nesa ba wuya. Makulli yana aljihun Kubala, gilashin kuma ko taɓa shi ka yi da ƙarfi sai ƙararrawa ta tashi gari. Na tsaya gaban gilashin da guduma a jakata ranar Asabar, ana biki a farfajiya, wata amarya tana ɗaukar hoto kusa da gilashin rigar uwarmu tana dariya. Hannuna ya ƙi.

Na sa Hedviga maƙwabciya ta ɗinka irinsu. Mama ba ta gani sosai yanzu, na ɗauka za ta yarda. Ta shafa hannun rigar sau ɗaya ta ture. "Wannan ba ɗinkina ba ne. Babanku ma ba za ki ruɗe shi ba."

Tun daga nan ta juya wa bango fuska. Na gaji, Vendel, ban san abin da zan yi ba.

Bozena

Ƙanena,

Sai haƙuri. Mun binne Mama jiya, cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Kubala ya aiko da furanni.

A shagon ƙofar fada ana sayar da kati mai hoton kayan. Na sayi ɗaya na sa mata a hannu kafin a rufe akwatin. In Baba bai gane ta ba, sai ta nuna masa.

Gobe Litinin, zan goge gilashin.

Allah ya tsare ka,
Bozena