Katin Madam Uchechi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau aka raba mana aikin unguwa. Mako shida. Kowane ɗan aji biyar an ba shi masu hawan jini goma a Sabon Gari, ya bi su duk Litinin ya auna su, ya rubuta a kati, ya miƙa a ƙaramin asibitin unguwa. Da abin da muka rubuta ake sanin wa za a ƙara wa magani, wa za a rage wa.

Dakta Nu'uman, mai kula da mu, ya yi mana wa'azinsa na kullum: wai don mutanen birnin nan aka kafa makarantar, ba don mu sami farar riga mu tsere Saudiyya ba. Haka ma aka rubuta a saman ƙofar shiga. Shekara biyar ina bi ta ƙarƙashin rubutun nan, ban taɓa jin da ni yake ba. Ni lissafi na so in karanta. Baba ya ce likita, magana ta ƙare.

Ta ƙarshe a jerina Madam Uchechi ce, mai busasshen kifi a can cikin kasuwa. Sai da na yi rabin awa ina ratsa kwata kafin na gano rumfarta. 172/104, kuma tana kan magani. Ta ce, "Dokta ƙarama, yi sauri, kasuwa tana wuce ni." Ta cusa min kifi a leda. Har yanzu jakata ƙarni take.

Laraba, 8 ga Mayu

Hajja ta sake tara min matan layi da takardun asibitinsu. Tun ina aji ɗaya kakar nan tawa ta ba ni digiri. Duk unguwarmu ta Fagge ba mai ce min Ikhlas yanzu, sai Likita. A makaranta ni ba kowa ba ce, a gida ba ni da ikon cewa ban sani ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Jarrabawar haɗa magunguna saura kwana tara, kuma na taɓa faɗuwa a ita. In na sake, sai maimaita shekara.

Mun sauka daga adaidaita sahu a titin Ibrahim Taiwo, rana kamar ta dafa mutum. Surayya, ƙawata a rukuninmu, ta ja ni inuwar wani shago, na tarar da sauran shida a zaune kowa da katunansa a cinya. Ashe haka ake yi. Ta ce tun kafin mu shigo makarantar haka ake, kowa ya sani. A duba lambar makon jiya, a rage kaɗan, kada a sa 120/80 don ta cika kyau.

Na auna huɗu na kusa da titi. Katunan sauran mutum shidan na cika su a zaune. Madam Uchechi na ba ta 148/90. Ko ɗar ban ji ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Litinin, 20 ga Mayu

Inuwar shago. Na ba ta 136/84.

Litinin, 27 ga Mayu

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Baba ya aiko min da atamfa daga kasuwar Kwari. Ban je kasuwa ba, gajiya. 128/80. Yadda nake warkar da matar nan daga nesa, ya kamata a ba ni lambar yabo.

Litinin, 3 ga Yuni

Na je.

Madam Uchechi tana zaune ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ido ja. Ta ce kwana biyar ke nan ƙeyarta na sara. Na auna: 204/122. Na ce matsalar na'urar awon ce. Na sake a ɗaya hannun. Na'urar ƙalau take.

Na tambaye ta magani. Ta yi dariya. Wai ta je karɓa, nas ta duba kati ta ce jininta ya sauka sosai, aka rage mata zuwa rabin ƙwaya. Ita kuma da ta ji ya sauka sai ta ajiye shi gaba ɗaya. "Na gode, 'yata, hannunki na da albarka." Ba ta iya karatu sosai ba, ba ta san akwai ranaku uku a katin da ban zo ba.

Na sa ta rufe rumfa, tana ta mita, na kai ta asibitin. Sun kwantar da ita, sun saukar da jinin. Likitan da ke aiki ya duba katin ya ce, ai maganin farko yana yi mata, a mayar da ita kansa kawai. Ina tsaye a bayansa. Ni kaɗai na san awo ɗaya ne na gaskiya a kan maganin nan, kuma shi ya nuna ba ya yi mata.

Na bar shi ya rubuta maganin. Na dawo gida, Hajja ta ce Likita ta gaji, a zubo mata abinci.

Talata, 4 ga Yuni

Na faɗa wa Surayya. Ta riƙe min hannu har ya yi zafi. "Ikhlas, mu takwas ne fa. Kin san Sharifa ta cikinmu ta riga ta maimaita sau ɗaya, in aka kama ta kora ce." Ta ce in dinga auna matar da kyau daga yau, lambobin za su gyara kansu.

Cikin mako nawa? Jijiyar kai ba ta jiran Litinin.

In na yi shiru, za ta koma kan maganin da bai riƙe ta ba, da sa hannuna. In na yi magana, shekara ta tafi, kuma ban san da wane baki zan gaya wa Baba ba. Duk inda na juya bango ne.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Dakta Nu'uman. Sau biyu ina wucewa banɗaki.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na biya kasuwa kafin lakca, wai in ga ko Madam Uchechi ta fito. Ta fito. Tana ƙulla wa wata kifi, ledar ta suɓuce daga hannunta na hagu, ta ɗauka, ta sake suɓucewa. Ta ce ba komai, sanyin safiya ne. Wane sanyi a watan Yuni?

Na tare adaidaita na sa ta ciki. A hanya na kira Dakta Nu'uman na faɗa masa komai, tana zaune kusa da ni tana ji. Ya ce mu wuce babban asibiti, zai same mu a can.

Bayan an karɓe ta Dakta Nu'uman ya tambaye ni ko ni kaɗai ce ke cika kati a zaune. Na ce katunana kawai na sani. Ya ce, "Aikin gida na makaranta kuka ɗauke shi, ko? A ba malami ya sa maki." Na fi son da zagina ya yi.

Laraba, 12 ga Yuni

An ce ƙaramar shanyewar jiki ce, ta sake ta. An canja mata magani, biyu take sha yanzu.

Ni kuma kwamiti ya zauna. Zan maimaita aji biyar. Dakta Nu'uman ya sa an sake auna duk mutanen rukuninmu, bai kira sunan kowa ba. Surayya ta daina zama kusa da ni.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Shekara guda?" ya ɗauki hularsa ya tafi kasuwa. Hajja kuwa ta gaya wa matan layi wai ƙarin karatu aka zaɓe ni in yi. Na gaji, ban gyara mata ba.

Asabar, 29 ga Yuni

An gama aikin unguwa tun kafin Sallah, an karɓe katunan. Ba ni da wata hujjar zuwa Sabon Gari. Hajja ce ta ce tana marmarin miyar kifi, na'urar kuma dama tana cikin jaka, ban cire ba ne kawai.

Tun ranar adaidaita ba mu haɗu da Madam Uchechi ba. Ta gan ni, ba ta ce Dokta ƙarama ba, ba ta ce 'yata ba. Ta gama da mai sayayya, ta goge hannu a zani, ta zauna a benci. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Sau uku kika warkar da ni ba ki zo ba." Ta naɗe hannun riga. "Yau kin zo. Abin da kika gani shi za ki faɗa."

156/94. Na faɗa mata bai yi kyau ba tukuna. Ta ce to. Ba kati, sai na yagi bayan littafina na rubuta mata, da kwanan wata. Mai tattasai ta kusa da ita ta miƙo nata hannun, sai mai garin rogo. Ban bar kasuwar ba sai bayan azahar.

Kuɗin kifin ta karɓa cif, ba ragi, ba gyara. Ina ɗaukar jaka ta ce ranar Asabar da safe ba a cika cunkoso ba.

Ban ce zan zo ba. Batirin na'urar dai ya yi sanyi, na sayi sabo a hanya.